Ranar da Na Zauna a Kan Teburin Baturke

Shekarun baya, farkon zuwana New York, ba ni da aiki ba ni da ɗaki. A falon abokina nake kwana a unguwar Soundview, kullum ina cikin jirgin ƙasa ina zaga gari kamar wanda ya ɓatar da akuya. Na gaji, shi ma ya gaji da ni.

Wata rana ya ce, "Akwai wani tsoho Baturke a unguwar Jamaica mai shagon gyaran jaka, yana neman ma'aikaci. Na gaya masa kai ɗan dukawa ne. Ya ce mu je lunch gidansa. Don Allah ka natsu."

Muna shiga falo na ga jar fata zagayayya a shimfiɗe a ƙasa, ta sha ado da zaren zinariya, gefenta zobba da igiya. Na ce a raina, mutanen nan sun san darajar baƙo, har da buzu! Na cire takalmi, na taka, na harɗe a tsakiya.

Matar gidan ta fito da tire, ta tsaya cak.

"Tashi!" abokina ya raɗa min. "Table ɗinsu ne!"

Ashe sofra ce, fatar da ake jera abinci a kai a zauna kewaye da ita. Ta kakan tsohon ce, tun zamanin sarakunan Usmaniyya na Turkiyya. A wurinsu taka ta kamar taka abinci ne. Na zabura, ƙafata ta sarƙe igiyar, zobe ɗaya ya yage. Na ce shi ke nan, aiki ya tafi.

Tsohon ya miƙe. Ya shiga ciki ya dawo da basilla da zare, ya ajiye a gabana.

Na hau ɗinki, miya tana hucewa, kowa yana kallona. Da na gama ya ja igiyar da ƙarfi, fatar ta tattare ta zama jaka. Ɗinkin bai motsa ba.

"Litinin ka zo shago," in ji shi. "Yanzu zauna. A gefe."

Na daɗe a shagon nan, kusan kullum tare muke cin abinci, bai taɓa tayar da maganar ba. Ni ne na kasa mantawa. Har yau idan na shiga gidan mutane, sai in yi ta tsayuwa ina juye-juye a bakin ƙofa, har sai mai gida ya nuna min wuri da hannunsa.