Inci Ukun Baba Sikeli

A layinmu babu mai kiransa da sunansa na yanka, kowa Baba Sikeli yake cewa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin duba ma'auni, yana zagaya kasuwanni da akwatin duwatsun awo, yana ɗora su a sikelin mahauta da na masu sayar da ƙusa don ya ga wa ke tauye wa jama'a. An ce ko gaisuwa ka yi masa sai ya auna ta kafin ya amsa. Da ya yi ritaya ofis ya karɓe akwatin, amma tef ɗin awonsa na ƙarfe, mai komawa gidansa da kansa, ya biyo shi, kuma har yau yana aljihun gaban rigarsa.

Mutum ne mai gaskiya, irin gaskiyar da ke sa maƙwabta su sauya hanya. Talabijin ɗinsu ta mutu shekara shida ke nan, har yanzu yana nazarin wadda za ta gaje ta. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, takan ce da ya san ba a ba da garanti a aure, da tana nan gidansu tana jira.

To, ciwon suga ya taɓa idon Inna. Likita bai ɓoye musu ba: abin da ya tafi ya tafi, saura kuma a hankali zai bi bayansa. A tsakanin nan autarsu, ma'aikaciyar jinya a wata ƙasa mai nisa, ta haifi 'ya mace. Kowace Lahadi takan kira ta bidiyo, Inna ta manna waya a hanci tana ƙifta ido.

"Kukan dai ina jin sa sarai," in ji ta, "amma fuskar kamar ƙwayar wake a gindin kofin madara."

Babban abu kuwa tana gani, don in ka tsaya a bakin ƙofa za ta kira sunanka. Sai auta ta ce a sayi kwamfuta ta kan tebur mai faffaɗan allo, ta kuma aiko da abin saye. Kuskurenta ɗaya, ubanta ta bar wa zaɓi.

Wata huɗu Baba Sikeli yana sintiri tsakanin shaguna uku. Ya ƙwanƙwasa bayan wannan, ya ɗaga wancan ya jinjina, ya tambayi nauyin kowace. Wani mai shago ya ce masa, "Baba, ba a kilo ake sayar da ita ba fa, kunnawa ake yi." Daga ƙarshe ya tsayar da rai a kan wata baƙa, an rubuta a kwalinta inci ashirin da huɗu. Ni na kama masa muka shigar da ita falo.

Ranar Lahadi ce. Inna ta goge tebur sau biyu, ta sa sababbin kaya, har kwalli ta zizara, wai kada jika ta ga kakarta a hargitse. Ta ja kujera ta zauna dab da tebur, hannuwa a cinya, kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Muka zaro allon daga kwali. Kafin in lalubo wayar wuta in jona, na ji ƙarar tef.

Ya auna daga hagu zuwa dama. Ya sake aunawa. Fuskarsa ta washe kamar wanda ya haɗu da tsohon abokinsa a tasha.

"Ashirin da ɗaya! Sun tauye inci uku."

"Malam, a kunna tukuna mana," in ji Inna.

"In aka kunna ba za su karɓa ba."

"Minti biyar kawai. In ga hancinta, an ce irin nawa ne."

"Ke ba ki san mutanen nan ba. Ni na yi shekara talatin da ɗaya ina kama su."

"Ni ashirin da ɗayan ma ta ishe ni, Malam."

"Ba ke aka cuta ba, ƙa'ida aka cuta."

Ya mayar da ita kwali, ya liƙe da salatif. Wayar Inna ta yi ta ruri a kan tebur, auta ce. Sai da ta kusa katsewa ta ɗauka, ta manna a hanci.

Washegari mai shago ya yi masa bayani da lalama: allo daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, haka ake yi a ko'ina.

"In ka je sayen yadi, a karkace ake auna maka?" in ji Baba Sikeli.

Mai shago ya leƙa waje ya kira maƙwabtansa. "Ku zo ku ga wanda ya kama duniya baki ɗaya da sata!" Aka taru ana dariya, mai gyaran waya har da kawo biro wai a duba masa ko ya cika. Mai shago ya karɓi kayansa don a rabu lafiya.

Baba Sikeli bai karaya ba. Ya rubuta wa tsohon ofishinsa takarda shafi huɗu, har da zane, ya zauna jiran amsa. Auta ta yi kuka a waya, ya ce mata yaran yanzu gaggawa ce ke kashe su. Mu kuma muka samu abin nishaɗi. In ya fito da safe sai ka ji daga shagon aski, "Baba Sikeli, an samo inci ukun?" Mai wanki ya ce ya gan su suna tsallaka titi. Dariya ta yi mana daɗi har muka manta akwai mai jira a cikin gida. Babu wanda ya lura da ranar da Inna ta daina kai waya hanci ta koma kai ta kunne, ko ranar da ta fara bin bango da tafin hannu in za ta kicin.

Amsa ta zo bayan wata bakwai, layi biyu: a karkace ake aunawa. Da yake akwai hatimi a ƙasa, nan take ya yarda. Ya koma shagon nan, ya sayo baƙar nan dai.

Lahadi muka jona. Yarinya ta cika allon fal, ta fara tsayawa, da haƙoranta biyu, tana dukan tebur da cokali. Hancin kuwa na Inna ne sak.

"Inna, ga ta nan! Kin gan ta?" in ji auta.

Inna ta ɗan karkata fuska wajen taga. "Ina ganin haske, 'yar nan. Haske mai yawa."

Sai ƙarar cokali kawai ake ji.

Baba Sikeli ya yi gyaran murya, ya fara bayani: kan yarinyar matsakaici ne, kunnuwa daidai da juna, tsawonta zai kai kamu ɗaya da rabi. Inna ta miƙa hannu ta lalubo kusurwar allon ta ƙasa, ta ja yatsa a hankali, ta bi ta kan fuskar jikarta, har ta kai kusurwar sama.

"Malam, wannan ta cika?"

"Ta cika. Ashirin da huɗu cif."

"To madalla," in ji Inna, ta mayar da hannunta cinya. "Ba a cuce mu ba."