Takardar da Na Kwafo Daga Madani

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har sunayen abokan aikina sai na yi da gaske nake tunowa. Amma akwai wata kaka guda da na san ba za ta bar zuciyata ba har in koma ga Mahaliccina.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da sittin ne. Ni ne mataimakin likita a ɗan asibitin ƙauyenmu, wanda muke ce wa shafahana, ba nisa da garin Hasahisa. Ɗaki biyu ne da rumfa, sai kabad ɗin magani guda. Mutane suna kirana Hakim, wato likita da Larabcin ƙasar. Ƙauyen duk Hausawa ne, kuma kowa da audugar yankin Jazira yake rayuwa: ko kana da hawasha, wato gonar da hukumar noma ta yanka maka, ko kana ƙwadago a ta wani. Cututtukanmu sanannu ne, zazzaɓin cizon sauro, tsargiya, gudawa da ciwon ido. Na saba da su har na fara ɗauka babu abin da zai shigo rumfar nan ya gagare ni.

A kakar nan, bayan jirgin sama mai feshi ya fara zagaya gonaki, aka kawo mini wata mata a keken jaki. Zufa ta jiƙa ta sharkaf, yawu na dalala daga bakinta, ƙirjinta na ƙara kamar tukunya na tafasa. Na ɗaga fatar idonta, na ga baƙin tsakiyar ya tsuke kamar tsinin allura. Na ce zazzaɓi ne ya hau mata ka, na yi mata allurarsa. Kafin la'asar, matar ta cika. Danginta suka ce kwana ne ya ƙare, har suka yi mini godiya. Ba wanda ya zarge ni. Ni kaɗai na san cewa da na taɓa goshinta, sanyi ƙalau yake. Wane irin zazzaɓi ne ba zafin jiki?

Bayan kwana biyu wasu 'yan ƙwadago biyu suka zo da amai da jiri, su ma idonsu a tsuke. Nasu ya zo da sauƙi, suka warke da kansu. Na juya littafin da na fito da shi daga makaranta tun daga bango har bango, ban ga komai ba. Ran Alhamis na rufe shafahana na hau lori zuwa birnin Wad Madani.

Niyyata in ga babban likitan asibitin birnin, amma na tarar yana ɗakin tiyata, ga layin mutane har bakin ƙofa. Wani ma'aikacin jinya da muka yi makaranta tare ya ce, "Maimakon ka bushe a nan, je ka maktaba, bayan ɗakin magani." Sau nawa ina zuwa asibitin nan, ban taɓa sanin akwai ɗakin littattafai a cikinsa ba.

Ɗan ɗaki ne mai fanka guda, kantoci har rufi. Mai kula da shi wata Balarabiya ce da ta manyanta, sanye da farin mayafi, tabarau na rataye a wuyanta. Da Larabci muka yi magana.

"Wane littafi kake nema?" in ji ta.

"Wallahi ban sani ba, Ustaza."

Na zaci za ta sallame ni. Sai ta jawo mini kujera, ta ɗauki fensir. "To faɗa mini abin da idonka ya gani. Ban da abin da kake zato."

Na lissafa mata, tana rubutawa. Ta tambaye ni aikin da mutanen ke yi, da abin da ya sauya a ƙauyen cikin watan. Sai da ta tambaya sannan na ji bakina ya ambaci jirgin feshi. Abu ne da ke wucewa ta kaina kullum, amma ban taɓa haɗa shi da marasa lafiyata ba.

"Ni ba likita ba ce," ta ce, "ba zan ce maka ga cutar ba. Amma in wani ya taɓa ganinta ya rubuta, zan nemo maka inda ya rubuta."

Ta buɗe wata durowa cike da ƙananan katuna, ta bi su da yatsa. Daga nan ta sauko da wasu manyan kundaye waɗanda ba komai a ciki sai jerin abin da aka buga a mujallun likitoci, da inda za a same shi. Ta hau tsani da kanta, da shekarunta, ta sauko da mujallu uku. Biyu ba su dace ba. Ta ukun, da Turanci take, ina bi da yatsa tana duba mini kalmomi masu wuya a ƙamus. Kafin in kai ƙarshen shafin farko na gane cutar. Zufa, yawu, ƙarar ƙirji, tsukewar ido. Kai ka ce marubucin yana tsaye a rumfata ranar. Guba ce ta maganin ƙwari, tana shiga ta fata da numfashi.

Da na kai inda aka yi bayanin magani sai na ajiye mujallar. Atropin. Ina da shi a kabad, 'yan kwalabe shida, ina ba masu murɗawar ciki. Matar nan ta keken jaki ta cika, taku uku tsakaninta da maganinta. Har yau in na tuna wannan sai na nemi gafarar Allah, ko da yake na san ba da gangan na yi ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne yadda ake bayarwa. Ba allura ɗaya ba, a yi ta maimaitawa bayan 'yan mintoci har sai baki ya bushe, ƙirji ya washe. A makaranta an gargaɗe mu cewa yawansa na kisa.

"Ustaza, wannan ai sai in kashe mutum," na ce.

"Kada ka yarda da takarda ɗaya," ta ce. Ta sake hawa tsani, ta ɗauko wani sabon littafi na guba da makarinsu. Magana ɗaya suka yi.

Ba a fita da mujalla, don haka na zauna na kwafe da hannuna, shafi biyu cif. Ta sa na rubuta sunan mujallar da lambar shafi a ƙasa. Ba ta tsaya nan ba. Ta kulle ɗakinta, ta rungumi littattafan, ta tare babban likita yana fitowa daga tiyata. Ya karanta a tsaye, ya gyara mini wuri ɗaya, ya sa hannu a takardata, ya rubuta a ba ni kwali guda na maganin.

Na dawo na yi wa mutane bayani a ƙofar masallaci. Wasu suka saurara, wasu suka ce tun yaushe ake feshi ba abin da ya same su.

Kwana biyar bayan haka, da hantsi, na ji ihu daga waje. Mijin yayata ne ya shigo da gudu, ɗauke da ita a kafaɗa. Yayar nan ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ashe da sassafe ta je gefen hawasharsu da aka fesa jiya, ta yanko wa awakinta ciyawa mai raɓa, ta ɗoro a ka, ruwan yana sauka a jikinta har gida. Yawu na zuba, ƙirji na tafasa. Na ɗaga idonta. Tsinin allura.

Na ce wa matan da suka biyo su su kare da tabarma, su cire mata kayan, su wanke ta da sabulu tun daga gashi. Na shimfiɗa takardata a kan tebur, na danne da kofi, na ajiye agogo a gefe. Na yi allurar farko. Na jira, na saurari ƙirji. Ba sauyi. Ta biyu. Ta uku. Da na fasa kwalba ta huɗu, mijinta ya damƙe wuyan hannuna.

"Tsaya, Hakim! Ta nawa ke nan? 'Yar'uwarka ce fa!"

"Yaya, wallahi in na tsaya yanzu ne za mu rasa ta."

Ya dubi takardar, shi da ba ya karanta boko. "Wa ya rubuta wannan?"

"Waɗanda suka sha ganin irin wannan. Ga hannun babban likita a ƙasa."

Sai ya sake ni, ya koma jikin bango ya tsuguna yana salati. Gaskiya ita ce ni ma a tsorace nake. Da ba takardar nan a gabana, da a ta biyu na tsaya.

Bayan ta bakwai na ɗora abin sauraro a ƙirjinta, na ji iska na shiga tana fita, ba tafasa. Na taɓa leɓenta, a bushe. Baƙin idon ya fara buɗewa. Can ta motsa baki, muka sunkuya gaba ɗaya mu ji wasiyya.

"Kada a ba awakina ciyawar nan," ta ce.

Mata suka fashe da dariya haɗe da kuka. Mijinta ya yi sujada a ƙasar rumfa. Ni kuwa na zagaya bayan ɗaki, na zauna dirshan ina ta alhamdulillahi.

Da yake takardar ta ce abin na iya dawowa, muka samu lori na raka ta Madani da allura a aljihu. Mako guda ta yi a asibiti, ta dawo da ƙafarta. Ta rayu har ta ga jikokin 'ya'yanta.

Ranar da za a sallame ta na shiga maktaba in yi godiya. Ustaza ta yi hamdala, sai ta miƙo mini takarda da fensir. "Zauna ka rubuta yadda ya faru, daki-daki. Wani zai zo bayanka." Daga baya na ji ta buga bayanin da tafireta, likita ya sa hannu, aka raba wa shafahanonin ƙauyuka. Mu kuma a garinmu aka fara kafa jan ƙyalle a gonar da aka fesa, ba mai shiga sai an cire.

Darasin da na ɗauka na riƙe shi har na yi ritaya, kuma shi nake faɗa wa duk matashin da ya zo koyon aiki a hannuna. Da wuya ka gamu da cutar da wani bai riga ka gani ba, ya kuma bar bayani. Abin da ke wuyanka shi ne ka tashi ka nema tun kana da sarari, ka kuma girmama masu adana ilimin nan da nuna hanyarsa. Ran da mai jinya ke kwance a gabanka yana fama da numfashi, ba lokacin tafiya bincike. Abin da ka riga ka nemo, da shi za ka yi aiki.