Shekarar da Kafaɗuna Suka Fi Ƙarfin Rijiya

Wanda ya gan ni yau, tumbi na gaba ina biye da shi, ƙofar shago ma sai na karkace nake shiga, ba zai yarda an taɓa zura ni cikin rijiya kamar zare a kafar allura ba. 'Ya'yana ma ba su yarda. In na ɗauko labarin sai su dubi cikina, su dubi juna. To an yi. A shekarun farin nan da suka gasa Damagaram ni ne gugan gidanmu.

Muna da garka, wato lambu, a bayan gari ta hanyar Guna, gadon kakanmu, kuma shi ya haƙa rijiyar da ke cikinta. Yana cikin haƙa ya ci karo da dutse, irin dutsen garinmu da ba ya jin lallashi. Ya yi ta sara har ya huda shi, amma faɗaɗa hudar ta gagare shi. Sai ya riƙa zura 'ya'yansa ƙanana suna ci gaba da haƙa daga ƙasa. Shi ya sa rijiyar ta fito da siffar tulu: sama da faɗi, tsakiya matsattsiya, ƙasa kuma ciki ne babba mai bangon yashi. Wurin matsin nan muke ce wa maƙogwaro. In damina ta yi kyau ruwa kan rufe shi, ba mai tunawa da shi.

Da fari ya kama, ruwa ya yi ta gudu ƙasa har ya bar maƙogwaro a fili, daga baya ya koma ɗan tsattsafi a gindin rijiya. Ka jefa guga ya dawo maka da yashi. Dole wani ya sauka ya yashe, ya zauna yana kwalfar ruwan da ƙoƙo yana zubawa a guga. Babba ba ya wucewa ta maƙogwaro. Sai ni.

A lokacin famfon unguwa yakan yi kwanaki bai ce uffan ba, mata na layi da garewani tun da asuba. Abin da muke samu a rijiyar nan shi muke sha, da shi Inna ke dafa jar dawar taimako, da shi ake jiƙa anza. Wanda bai ci anza ba ya gode wa Allah. 'Ya'yan itace ne masu ɗacin da zai sa jaki ya yi istigfari, sai an yi ta jiƙa su ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Ke nan in babu ruwa, abincin ma babu.

Kullum da safe kafin in tafi lakwal, wato makarantar boko, Baba zai ɗaura mini igiya a ƙarƙashin hammata, ya ratsa ta kan gwafa, ya sassauta a hankali. In na iso maƙogwaro sai in ɗaga hannuwa sama, in fitar da numfashi, in sulale. Wallahi daɗi nake ji. A duk faɗin ƙasar Damagaram ni kaɗai ke jin sanyi da bazara. Ina kwalfa ina waƙa, rijiya na amsa mini. In na je lakwal in yi ta cika baki, in ce na ga aljani a ƙasa yana alwala, har ya roƙe ni aron ƙoƙo.

Ana nan sai jikina ya ci amanata. Kowa a gidan ramewa yake yi. Awaki sun zama ƙashi da fata, Baba ya ƙara wa mazagin wandonsa ƙulli. Ni kuwa sai tsawo. Har yau ban san abin da jikin nan ya ci ya yi wannan aiki ba, don tuwo sau ɗaya muke gani a yini. Gwiwoyina suka riƙa ciwo kamar ana jan su da igiya. Wandon lakwal ya gudu ya bar ƙaurina a waje. Ƙuraje suka yi mini kasuwa a goshi. Yunwa kuwa, da an ba ni tabarma da ɗan gishiri da na gama da ita.

Kakata ta wajen uba, Babarbariya ce mai bakin tsiya, ita ta fara ganewa. Wata rana na zo wucewa ta kama ni, ta danna mini kan hanci da yatsa, yadda tsofaffi ke yi in suna son su san ko yaro ya balaga.

Ta ce, "Af, ya tsage. Mijin nawa ya zama namiji. Kai, faɗa mini gaskiya, wa kake ci a gidan nan? Kowa na ƙanƙancewa kai kana miƙewa."

Na buɗe baki in rama, muryata ta fara da siririya ta ƙare da ta bunsuru. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta ce, "Matsa can, hammatarka ma ta fara sallama kafin ka iso. Na sake ka, na koma wa Auta."

Auta ƙanena ne, lokacin ko famfara bai gama ba. Ya washe giɓinsa yana murna an ba shi mata.

Duk wannan abin dariya ne. Abin da ba na dariya ba a cikin kaina ya faru. Wata safiya ina zaune a gindin rijiya ina kwalfa, na ɗaga ido na ga tsaga a bangon gabas, yashi na ɗan zubowa daga cikinta siri-siri. Tsagar nan na sha ganinta, har tsinke nakan soka mata don wasa. Amma ran nan sai wani abu a kaina ya ce, in bangon nan ya zubo fa? Daga nan tambayoyi suka ɓalle kamar an buɗe wa tumaki garke. In igiya ta tsinke fa? In Baba ya yanke jiki ya faɗi? Sai na tuna rabonsa da abinci tun jiya da rana. Da can Baba a wurina dutse ne. Ran nan na gane mutum ne mai jin yunwa, riƙe da igiyar da ta tsufa.

Ban sake waƙa a rijiya ba. Na koma mai lissafin abin da bai faru ba. A aji mushe, malaminmu, na bayani a allo, ni ina zana rijiya a bayan hannuna ina neman inda za a tokare bango. Abin mamaki, a shekarar ne kuma karatun da ke ba ni wuya ya fara shiga, kamar an share mini ido. Sai dai idon da aka share bai zaɓi abin da zai gani ba.

Na fara gardama da Baba, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba.

Na ce, "Baba, mu tokare bangon nan da itace."

Ya ce, "Wane itacen zai wuce ta maƙogwaro?"

"To a fasa maƙogwaron."

"Kakanka ya gwada, yana ƙoshe. Ɗaga hannu in ɗaura."

A kwanakin ne na fara jin dutse na gogar kafaɗuna in zan wuce. Da fari ɗan shafa, daga baya kankara. Rannan da na fito na tarar Baba ba ni yake kallo ba. Auta yake kallo, wanda ya biyo mu yana wasa da guga, kuma kafaɗunsa yake kallo. Nan take na gane abin da ke tafe. Auta kuwa dama kullum roƙonsa ke nan.

"Baba, yaushe za a saka ni? Yaya ya ce akwai aljani."

Na ce, "Ƙarya nake yi, ba kowa a ciki."

"To ni dai a saka ni in gani."

Sai na ɗaura yaƙi da jikina. Dabarata ta farko, in rage cin tuwo in tura wa Auta rabin nawa. A lissafina ni zan tsuke, shi ya yi faɗi, maƙogwaro ya ƙi shi. Auta ya cinye ya lashe hannu bai ƙara ko ƙwayar gero ba. Ni kuma haƙarƙarina suka fito ana iya ƙirga su tun daga garin Takeita, amma kafaɗun ko gezau, ƙashi ne, kuma ƙashin faɗi yake ƙarawa. Na koma ɗaure su da tsohon rawanin Baba in zan kwanta, in tashi hannuwa sun mutu. Daga ƙarshe na gano garin karkashin kakata. In ɗebi kaɗan in dama da ruwa, in shafe kafaɗu da yauƙinsa, in sulale ta maƙogwaro kamar tarwaɗa. Ya yi mini aiki na ɗan lokaci. Illarsa ɗaya, akuyarmu ta riƙa bina tana lasa, kakata kuma ta yi ta zagin ɓeraye.

Ranar da abin ya ƙare, na shafa karkashina, na ɗaga hannu, na fitar da numfashi. Ƙafafu suka wuce, ƙugu ya wuce, ƙirji ya shiga, sai na tsaya cak. Na yi ƙoƙarin jan numfashi, dutse ya ce babu wuri. Ƙafafuna na lilo cikin sanyi, kaina na cikin zafi, bakin rijiya ya koma ɗan farin faifai yana juyawa. Ko ihu ban iya ba. Baba ya ji igiya ta saki, ya leƙo, ya ƙwalla wa mai garkar kusa da mu kira. Su biyu suka ja. Na fito kamar an zare toshiyar tulu, na bar wa dutse fatar kafaɗuna biyu.

Baba ya zaunar da ni a inuwar darni. Ya ɗauki ɗan ruwan da ya rage a buta, ruwan da ya kamata ya sha, ya wanke mini ciwon. Sannan ya zame wuyan rigarsa ya nuna mini kafaɗarsa. Tabo ne fari, a daidai inda nawa yake.

Ya ce, "Ni ma a nan ta kore ni. Rijiyar nan ta yara ce."

Na ce, "Baba, bangon gabas zai zubo."

"Na sani."

"Ka sani, kuma za ka saka Auta?"

Ya ce, "Me za mu sha?"



Washegari aka ɗaura wa Auta igiya. Ni aka ba riƙon ƙarshenta a bayan Baba, tunda yanzu ina da ƙarfin ja. Na durƙusa na yi masa huɗuba: kada ka jingina da bangon gabas, kada ka taɓa tsagar, in ka ji yashi na zuba ka ja igiya.

Ya ce, "Yaya matsoraci. Ƙaton banza, rijiya ta tofar da kai."

Ya wuce maƙogwaro ko hannu bai ɗaga ba. Jim kaɗan muka ji waƙa na tasowa daga ƙasa. Ya yi makonni yana sauka, kuma ya fi ni iya kwalfa, don hannunsa ƙarami ne yana shiga kowane lungu. Kullum yana ƙasa ni ina sama ina mutuwa ina dawowa. In ya yi shiru in ƙwala masa kira, ya ƙi amsawa da gangan, sai na fara jan igiya ya fashe da dariya.

Da abin ya zo bai yi ƙara ba. Wani sauti ne kamar an juye buhun gero. Waƙa ta tsaya. Ƙura ta taso ta maƙogwaro. Muka ja, igiya ta ƙi zuwa, yashi ya riƙe shi har ƙugu. Muna jin kukansa, kuma duk garkar ba wanda zai iya wucewa ya tone shi. Baba ya ce, "Ja!" Muka ja da iyakar ƙarfinmu. Ya fito da rai, fari fat da ƙura, ƙafarsa ta hagu na reto ta inda ƙafa ba ta reto.

Maɗori ya ɗora, ƙashin ya kama, amma ƙafar ta gajarce. Baba ya ɗauki gatari. Ya sari ƙaya ya jibga a bakin rijiya, ya danne da duwatsu. Kakata ta daina tsokanar kowa, ta zauna gefen tabarmar Auta tana kore masa ƙuda. Ɗan abin da ya rage a garka ya bushe a tsaye. Aka sama mini sanda da garwa biyu, na shiga layin famfo tare da mata da 'yan ga-ruwa, wani lokaci in yini in dawo da rabin garwa.

Da Auta ya fara takawa sai ya riƙa bina layin yana ɗingishi, riƙe da ƙoƙonsa. Ni ina tsammanin zai ji tsoron ko da jin sunan rijiya. Ina! Haushi yake ji an rufe ta.

"Yaya, yaushe Baba zai cire ƙayar? Can ƙasa ya fi nan sanyi."

"Ban sani ba."

"Ka ce masa na warke. Ka ga, har gudu ina yi."

Sai ya yi ɗan tsalle-tsallensa a karkace don in gani, matan layi su kau da kai. Haka ya yi ta tambayata, fari ya wuce, ruwa ya dawo, yana tambaya. Bai daina ba sai shekarar da tasa muryar ta fara fashewa.