Gyarar Kawu Illo

Duk wanda ya taɓa sayar wa kawuna Malam Illo wani abu a Maraɗin nan ya san tambayarshi: "To, ina gyarata?" Ba masu awon gero kaɗai ba, ko mai isansi, ɗan sayar da fetur na bakin hanya, sai ya ɗiga mishi ƙari cikin moto. Har a farmasi ya yi ta! Yarinyar ta ce, "Baba, magani ne fa." Ya ce, "To ba ni leda biyu."

Ku da kuka yi lakol, makarantar boko, a hannunshi kun san ba kwaɗayi ba ne. Shi ya ƙago mana gasar kasuwanci. Kaka na wucewa sai ya raba mu, kowa ya nemo abin sayarwa, a baza a ƙofar lakol. Wanda ya ci ya riƙe tsohon sikelinshi har baɗi. Dokarshi biyu ce: ba a sayar wa dangi, kuma ba a sallamar mai saye ba gyara.

Shekarar da na shiga, uwata ta lulluɓe har ido, ta zo ta kwashe ƙuli-ƙulina kaf. Kawu ya bi ta da kallo ya ce, "Hajiya, wannan tafiyar ta gidanmu ce, tare muka koye ta." Nan take ya fid da ni daga gasar. Ƙanwarshi fa, uwa ɗaya uba ɗaya! Ta daɗe ba ta amsa gaisuwarshi ba.

Kun tuna samarin Jiratawa da kwandunan tumatir? Kafin hantsi sun sayar tas, suna ta cika baki. Sai ga Rabi ƴar Tsibiri da kwanon zogale ɗaya tal, ita ya miƙa wa sikeli. Suka ce, "Haba Malam, mu muka fi ciniki!" Ya ce, "Kun fi. Amma tsohuwar da ta nemi gyara, kun ce mata ba sadaka kuka fito ba. Gobe wurin wa za ta koma?" Yau ku je babbar kasuwa ku ga layi a rumfar Rabi.

Da aka kawo sabon direkta, ya ce gasar na cinye lokacin karatu. "Malam Illo, nan lakol ce, ba kasuwa ba." Kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, in sun gama, biro nawa, ofis nawa gare ka da za ka zuba su?" Aka yi dariya, amma aka soke gasar. Ko bayan ya ajiye aiki, kaka na wucewa sai ya hau kabu-kabu da sikelin cikin buhu, ya je ya roƙa. A ce mishi baɗi. Wata baɗin ta zo, babu shi.

Yana kwance asibiti ya ce mini, "Ki kai musu sikelin, kada ya yi tsatsa a ɗaki." Na kai, aka karɓa da godiya. Satin da ya wuce na leƙa lakol ɗin, na tarar da shi aka tokare ƙofar ɗakin ajiya. Wallahi ya yi mini ciwo. Na tambayi yaran abin mene ne wannan, suka ce dutsen ƙofa. Mu da muka cika kasuwa da koyarwarshi, har yau ba wanda ya je ya ɗaga sikelin daga ƙasa.

Allah ya jiƙan Kawu Illo, ya sa ya huta. Ya Ubangiji, ranar awo ka cika mishi mudunshi, ka ƙara mishi da gyara.