Tsuntsun da Ke Tsakiyar Tuta

Shagon Mai Tutoci yana ƙarshen layin teloli, tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo. Ɗan ƙaramin shago ne, keken ɗinki biyu da teburin yanka da dutsen guga. Amma in ka ɗaga kai sai ka ga duniya rataye a igiya: ja, kore, shuɗi, mai tauraro, mai wata, mai zaki. Mai aski ne ya raɗa wa shagon suna Majalisar Ɗinkin Duniya, kullum da safe kuma sai ya leƙo ya ce, "Shugaba, yau wace ƙasa za a yi wa faci?"

Mai Tutoci bai yi karatu mai nisa ba. Da kayan 'yan makaranta ya fara, har ranar da wani hedimasta ya kawo masa tutar da iska ta cinye wa baki. Ya gyara, ta shekara ba ta zare ba. Daga nan labari ya kai ofisoshi, ya kai ma'aikatar harkokin waje. Ba zai iya nuna maka ƙasa a taswira ba, amma ya san wadda shuɗinta ya fi duhu. Dokarsa biyu ce: tuta ba ta taɓa ƙasa, bakin da iska ke kaɗawa kuma ninki biyu ake yi masa.

Da idonsa ya fara rauni, aikin allura ya koma hannun 'yarsa ta fari, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake kiranta Mamana. Shi ya yanka ya haɗa a keke, ita ta zauna bakin taga ta fitar da taurari da tsuntsaye da hannu. Mijinta mai yankan tikiti ne a babbar tashar mota, mutum mai yawan dariya.

Wata safiya bam ya tashi a tashar, lokacin da ta cika maƙil. Mutane da yawa suka rasu. Mijin Mamana yana cikinsu.

Washegari Mai Tutoci ya bi ta titin ofisoshin jakadanci, ya ga tutocin da ya ɗinka sun sauko rabin sanda don makoki, ƙasa bayan ƙasa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ba a jima ba gwamnati ta ce waɗanda suka shirya abin sun tsallaka iyaka, suna zaune a maƙwabciyar ƙasa, masu mulkin can kuma sun sani sun kau da kai. Aka janye jakada, aka rufe iyaka. Wasu ƙasashe suka mara mana baya, suka tsayar da ciniki da jirage. Maƙwabtan suka ce su ba su ga kowa ba.

Gari ya ɗauki zafi. Duk inda aka ga tutar maƙwabtan, mai shuɗi da ruwan ƙasa da farin tsuntsu a tsakiya, sai a cinna mata wuta. Da tutocin suka ƙare, wasu mazan unguwa suka shigo shagon.

"Baba, tutarsu muke so, da yawa. Ba sai ta yi kyau ba, ta dai ci wuta."

"Ba na ɗinka tuta don wuta," in ji shi, bai ko ɗaga ƙafa daga keke ba.

"Surukinka fa suka kashe!"

"Ni na wanke shi. Ba sai kun tuna mini ba."

Suka fita suna ce masa ɗan kanzagin maƙiya. Wani ya jefo dutse, gilashin taga ya tarwatse. Duk wannan bai yi masa ciwo kamar maganar Mamana ba. Da ta fita takaba ta dawo shago, aka ba ta labari, ta ce, "Baba, da ina nan da na ɗinka musu, har ashana zan ba su. Tsumma ya fi maka uban 'ya'yana?" Tun daga ranar suna aiki a ɗaki ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa su.

Watanni suka shuɗe. Rashin ciniki ya matse maƙwabtan, wata ƙasa ta shiga tsakani, suka yarda za su turo wakilai a zauna kan maganar miƙa mutanen. Sai ga jami'in ma'aikatar harkokin waje a shagon, yana share gumi. A tsarin irin wannan zama, mai masauki ne ke kafa tutar baƙo, daidai girman tasa. Ga shi babu ko ɗaya da ta rage a garin.

"Baba, ka rufa mana asiri. Mutanen nan ba da son ransu za su zo ba, dalilin tashi suke nema. Ko zare ya kauce, cewa za su yi an wulaƙanta su."

Mai Tutoci ya yanka shuɗi, ya yanka ruwan ƙasa, ya haɗa. Saura tsuntsu. Ya gwada zura zare a allura, ido na ruwa, abin ya gagara. Ya ɗauki yadin ya ajiye a gaban Mamana. Ta ja shi ta fara.

Da ta gama ta shimfiɗa masa a tebur. Aiki ne mai kyau, gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya. Sai dai wuyan tsuntsun a karye yake, kai ya langaɓe kamar wanda aka yanka. Ya shafa wurin da yatsa. Ya san ba kuskure ba ne, Mamana ba ta kuskure irin wannan.

"Haka ya dace da su," ta ce.

"Ya dace," in ji shi. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. "Amma in suka shigo suka gan shi haka, Mamana, juyawa za su yi su hau jirgi, duniya kuma ta ce su ne da gaskiya. Waɗancan mutanen su ci gaba da shan inuwa a can. Ni ba don ina ƙaunarsu na ƙi ƙonawa ba. Wadda aka ƙona, mai ita yana gidansa yana kallo a talabijin. Wadda aka kafa, dole ya zo ya zauna a ƙarƙashinta a tambaye shi. Ni so nake a tambaye shi."

Hawaye ya zubo, ta yi maza ta janye yadin don kada ya ɗiga a kai. Shi kuwa da ya ga haka, ya san magana ta ƙare.

"Miƙo mini reza," ta ce.

Ta farke wuyan zare bayan zare, ta sake ɗinka shi a miƙe.

Ranar zaman, layin teloli kaf ya taru a shagon mai aski, don shi ke da talabijin. Har wanda ya fasa taga yana nan, ya raɓe a bayan ƙofa. Aka nuno dogon tebur, da tutoci biyu kai ɗaya. Shugaban wakilan maƙwabtan, wani mai furfura, ya zauna daidai ƙarƙashin farin tsuntsu, yana karanta takarda: gwamnatinsa za ta miƙa waɗanda ke hannunta, ta kuma rufe gidajen da suka fake. Ba duka aka samu ba, wasu sun riga sun sulale. Amma an miƙa waɗanda aka miƙa, sun kuma tsaya gaban alƙali.

Mai aski ya buga cinya. "Shugaba! Ashe da gaske ɗinkin duniyar kake yi!"

"Ni haɗi kawai na yi," in ji Mai Tutoci. "Tsuntsun na Mamana ne." Ya faɗa da ƙarfi, yadda na bayan ƙofa ma zai ji.

Mamana ba ta kalli kowa ba. Fuskar mai furfurar take kallo, har ya kai ƙarshen takardarsa. Sannan ta gyara mayafi ta ce, "Baba, fiffiken hagu ya ɗan fi na dama."

Ya matsa kusa da talabijin, ya ƙanƙance ido, ko da yake ba abin da yake gani sai hazo-hazo.

"Fanka ce ke kaɗa shi," ya ce. "Tashi mu je, akwai aiki a kan keke."