Baba Mai Rediyo da Faifan Mahaifinmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talatar da ta gabata 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya karɓi abinSa. Na yi kuka, Baba Mai Rediyo, amma ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina. Duk wanda ya ga yadda ciwon nan ya cinye ka ya san hutu ka samu.

Shagonka yana jikin gidanmu tun muna yara. Sau nawa tsofaffin layinmu suka kawo maka rediyo, ka gyara, ka ce batir ne kawai don kada su ji nauyi?

Abin da ba zan manta ba shi ne faifan mahaifinmu. Nasihar da ya yi wa yayata ranar aurenta ce a ciki, kuma ita kaɗai ce muryarsa da ta rage mana. Tun da ya rasu, mahaifiyarmu take saurarenta kullum. Rannan tsohuwar na'urar CD ɗin ta ƙi karantawa: faifan ya ɗan juya, ya tsaya. Muka ɗauka ya lalace. Mama ta daina cin abincin kirki.

A lokacin ka riga ka rufe shago, kana kwance. Da kunya na zo, amma ka sa aka tashe ka zaune. Ka duba bayan faifan a hasken taga, ka kasa kunne ga motsin na'urar, ka goge gilashinta da auduga. Ba ta tashi ba.

"Faifan lafiyarsa lau, 'yata," ka ce. "Idon da ke karanta shi ne ya tsufa, kamar nawa."

Ka sa aka nemo sabon ido. Hannunka na rawa, don haka ni na riƙe sukundireba, kana faɗa min ƙusar da zan kwance da wayar da zan zare a hankali. Muka haɗa, muka kunna, shiru. Na dube ka. Kai kuwa dariya ka yi, ka nuna min ɗigon dalmar da ake toshe sabon ido da shi don kariya, ka ce sai an narkar. Wannan kam ba ka yarda na yi ba. Ka cije leɓe, ka narkar da shi da kanka.

Sai ga gyaran muryar mahaifinmu ta cika ɗakin. Mama, da ta biyo ni ranar tana zaune bakin ƙofa, ta amsa masa sallama. Kafin mu tafi ka ja kunnena in kwafe muryar a waya. Na kwafe, Baba.

Allah Ya gafarta maka, Ya sa jinyarka ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ga Inna matarka, da 'ya'yanka da jikokinka, ina miƙa ta'aziyyata da ta Mama. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.