Ranar da Muka Riga Kwamfutar Kawu Sani

Wata Asabar ce a hutun damina, shekarar da na ci jarrabawar sartifika ta gama firamare, aka yi gasar da har yau ake ba da labarinta a gidanmu na unguwar Maourey a Yamai. Ruwa ya ɗauke da hantsi, ƙasa ta yi laushi, ni da ƙanena Habu muka durƙusa a gindin dogon-yaro muna haƙa 'yan ramuka kamar na dara. Kawu Sani, ƙanen Inna da ke karatun lissafi a jami'a, yana zaune kan kifaffen turmi da kwamfutarsa a cinya, yana ta yi mana dariya.

Shi ya koya mana abin da yake kira matiris, wato jadawalin lambobi layi-layi. Namu jadawalin ramuka ne, lambobinmu kuwa ƙwallayen dabino da tsakuwa. In za a ninka jadawali biyu, sai ka ɗauki layin kwance na wannan ka bi da shi kan layin tsaye na wancan, ka ninka biyu-biyu, ka tara, ka zuba a jadawali na uku. Wata guda muka yi muna wannan tsakanin wanke-wanke da aiken Babbar Kasuwa, har Inna ta gaji da taka tsakuwa. Ni kuwa da bakina da ba ya shiru, na ce mun fi injinsa sauri. Ya nuna kwamfutar ya ce, "Ku riga ordinatar ɗin nan, in kai ku yawo cikin kwalekwale." A Yamai aka haife ni, amma ban taɓa shiga kogin Isa da ya ratsa garin ba, sai dai in leƙe shi ta tagar taksi a kan gada. Ina son tafiyar nan har cikin raina.

Da yake ya san halinmu, Kawu ya shigar da lambobinsa a irin jadawalin da ba ya canzuwa, wai kada mu taɓa masa in ya juya baya. Inna ta tafa, muka fara. Ya danna sau ɗaya ya naɗe hannu. Sai kwamfuta ta jera masa jadawalan biyu gefe da gefe, da alamar ninkawa a tsakani, ta yi gum. Ashe yadda ya rubuta tambayar, manhajar lissafin da ke cikin kwamfutar ajiye ta kawai take yi, sai an ba ta wani umarni dabam an ce ta aikata, shi kuwa umarnin ya ɓace masa. Gumi ya keto masa. Ya yi dabarar canza lamba guda ko za ta motsa, ta ƙi, ta fito masa da jan rubutu. Inna na tankaɗe ta ce, "Sani, kai ka kulle ƙofa, kai kuma kake neman haura katanga?" Habu na ƙirgawa, ina zubawa. Muna cika rami na tara, wato na ƙarshe, na ƙwalla ihun da ya sa akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Can ya tuno umarnin, amsa ta fito, ya bi ramukanmu ɗaya bayan ɗaya da tsinke, bai sami kuskure ba.

Washegari muka shiga kwalekwale. Ni na tsoma hannu a ruwa ina ta waƙa, Habu kuwa ya ƙanƙame rigar Kawu yana kuka har muka dawo gaɓa.

Yanzu ni ke koya wa ɗalibai wannan manhaja, kuma kafin su gyara zama amsa ta fito. Kawu ya yi furfura a Damagaram, Habu yana tuƙa babbar mota, sai sallah muke haɗuwa. Ina kewar lokacin nan ƙwarai. Na fi ɗalibaina sanin daɗin amsa, don ni na sha wahalarta kafin ta zo.